Sitibiya: Ganyen Da Ya Fi Sukari Zaƙi

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi ya san Bakano da son zaƙi: ga zuma, ga mazarƙwaila, ga alewa. Amma ciwon sukari yana ta yaɗuwa, likitoci kuwa suna hana masu fama da shi waɗannan abubuwa. Saboda haka ya kamata manomanmu su san wani tsiro mai suna sitibiya.

Asalinsa daga ƙasar Faragwai ne a Kudancin Amurka. Sinadarin da ake tacewa daga ganyensa ya ninka sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, kuma ba ya ɗaga sukarin jini. Japan ta fara cinikinsa a 1971, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2011.

Nomansa sai mai haƙuri. Irinsa ba ya tsira sosai, don haka reshe ake yanka a dasa. Saiwarsa ba ta nisa, kwana kaɗan babu ruwa sai ya yi yaushi, balle a zafin bazararmu. Ana yankan ganyen kafin ya yi fure, a shanya.

To, a ina za a shuka shi? Gonakin da Barth ya gani cikin ganuwa a 1851 gidaje sun cinye su, ruwan Jakara kuma ya gurɓata. Sai dai Kadawa, inda ruwan Tiga yake kaiwa. Ko can ɗin ma, manomin da ya bar tumatir ya kama sitibiya ba tare da ya sami mai saye tukuna ba, ya yi kasada, domin busasshen ganyen yana da ɗan ɗaci, kuma masu shayinmu ba su san shi ba.