Waya Ta Ƙi Haɗuwa da Rediyon Mota: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Daga wajen masu wayarin a Gyaɗi-Gyaɗi har rumfunan masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni a Kano, ƙorafin ɗaya ne: an kunna Bluetooth don a saurari karatu ko waƙa a mota, waya ta yi ta lalube, rediyo ya ƙi amsawa. Kowa da fassarar da yake ba matsalar, wasu har su kashe kuɗi a kan abin da bai lalace ba. Ga abin da ake faɗa, ga kuma yadda abin yake.

"Sai da data ko sabis." Ƙarya ne. Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson ya fara ƙirƙira a 1994, hanya ce da na'ura biyu ke magana da juna kai tsaye, a tazarar da ba ta cika wuce mita 10 ba. Ba ya bi ta MTN ko Airtel, wayar da babu layi a cikinta ma tana haɗuwa. Ana buƙatar data ne kawai idan daga intanet ake jawo abin da ake saurare.

"iPhone ba ta haɗuwa da mota." Wannan ma ƙarya ne. Abin da ya haifar da zancen shi ne iPhone ba ta tura hoto ko waƙa zuwa Tecno ko Infinix ta Bluetooth. Amma kira da sauti a mota, tana yin su kamar kowace waya.

"Wayar ta fi ƙarfin motar." Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Sabon Bluetooth an yi shi ne yadda zai yi aiki da tsoho. Matsalar ita ce kira da waƙa kowanne da tsarinsa: na kira sunansa HFP, na waƙa A2DP. Da yawa daga motoci 'yan Kwatano ƙirar kafin 2010 na kira kaɗai gare su. Shi ya sa kira ke fita ta sifika, waƙa kuwa shiru. Kafin a yanke hukunci, a shiga saitin Bluetooth, a taɓa sunan motar, a tabbatar an kunna wurin sautin waƙa. Idan babu wurin gaba ɗaya, to motar ce ba ta da shi, kuma babu gyaran wayar da zai kawo shi. Mafita ita ce igiyar AUX, ko 'yar na'urar da ake soka wa a soket ɗin sigari mai aika sauti ta FM. Mai amfani da ita ya zaɓi zangon da babu tasha. Wanda ya saita ta kusa da 99.5, inda Freedom Radio take, hayaniya zai sha.

"Rediyon mota yana cika." Gaskiya ne. Wayoyi ƙalilan yake iya riƙewa, kuma motar hannu takan zo da sunayen wayoyin masu ita na da. Sai an goge su sabuwa ta sami wuri. Haka kuma idan wayar uwargida ko ta yaron mota ta riga ta kama, ta maigida sai ta jira.

"Mota ba ta karɓar sabuwar waya tana cikin tafiya." Gaskiya ne a motoci da dama. Kamfanonin ne suka yi hakan da gangan don kada hankalin direba ya rabu.

"Sai an yi wa wayar filashin." Wannan ce maganar da ta fi cin kuɗin mutane, kuma galibi ba haka ba ne. Filashin yana iya share hotuna da lambobi, a dawo matsala na nan. A fara goge motar daga waya, a goge wayar daga mota, a kashe duka biyun a sake kunnawa, sannan a haɗa su daga farko. Idan an nemi lamba, tsofaffin rediyo kan karɓi 0000 ko 1234. In ya ƙi, a mayar da saitin sadarwa yadda ya zo daga kamfani. Wannan zai goge lambobin sirrin Wi-Fi, amma ba ya taɓa hotuna.

Gwaji ɗaya ke raba gardama. A haɗa wayar da wata sifika, a kuma gwada wata waya a motar. Idan wayar ta ƙi kowace sifika, a kai ta Farm Centre. Idan motar ce ta ƙi kowace waya, aikin mai wayarin ne. Duk wanda za a yi, a yi shi mota na tsaye, ba a tsakiyar cunkoson Titin Zariya ba.