Mödlareuth: ƙauyen Jamus da katanga ta raba gida biyu

A ƙasar Jamus, kusan tsakiyar hanya tsakanin Barlin da Munik, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Mödlareuth. Mutanensa duka-duka ba su wuce 50 ba, wato ko rumfuna biyu na kasuwar Maraɗi ba za su cika ba. Amma duk shekara dubban baƙi ke zuwa ganinsa, saboda abin da iyaka ta yi masa.

Ƙauyen yana cikin tuddai da gonaki, kusa da birnin Hof. Wani ɗan rafi mai suna Tannbach, wanda yaro ma zai iya tsallake shi, ya ratsa tsakiyarsa. Tun da daɗewa rafin nan shi ne iyaka. A shekarar 1810 aka kafa duwatsun shaida a bakinsa, gefe ɗaya na sarautar Bavariya, ɗayan na sarautar Reuss, wadda daga baya ta shiga jihar Turingiya. Sai dai wannan iyaka ta takarda ce kawai. Makarantar yara ɗaya ce, a gefen Turingiya take. Ranar Lahadi kuwa kowa sai ya nufi majami'ar Töpen, a gefen Bavariya. Ana noma tare, ana auratayya, ba mai tambayar wani takarda.

Abin ya sauya ne a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙasashen da suka ci yaƙi suka raba Jamus, suka bi tsofaffin iyakokin jihohi. Bavariya ta faɗa hannun Amurka, Turingiya ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet. A 1949 aka kafa ƙasashe biyu, Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas. Ɗan rafin nan ya wayi gari shi ne iyakar duniya biyu masu gaba da juna, ba tare da an shawarci ko mutum ɗaya na ƙauyen ba.

Da farko ana ƙetarewa da takardar izini. A 1952 hukumomin Gabas suka rufe iyakar, suka gitta shingen katako wanda ya fi tsayin mutum, suka kuma kwashe wasu iyalai daga bakin iyaka zuwa cikin ƙasa. A 1966, shekara biyar bayan katangar Barlin, aka gina ta siminti mai tsawon mita 700 da tsayi sama da mita 3, da hasumiyar tsaro da fitilu masu ci har safe. Sojojin Amurka suka laƙaba wa ƙauyen suna "Ƙaramin Barlin". A 1983 George Bush babba, yana mataimakin shugaban Amurka, ya zo ya gani da idonsa.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. To, a nan ƙafar aka ɗaure. Mutum yana hangen rufin gidan ɗan'uwansa, amma in yana gefen Gabas an hana shi ko ɗaga masa hannu. Gefen nan yana cikin yankin da baƙo ba ya shiga sai da izini na musamman. Mutum ɗaya tak aka sani ya haura katangar ƙauyen ya tsira, a 1973: ya kawo motarsa gindinta, ya ɗora tsani a kanta, ya dira Yamma.

Katangar Barlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Disamba, aka huda ƙofar masu tafiya a ƙasa a Mödlareuth. Ranar 17 ga Yuni 1990 aka rushe mafi yawan katangar, amma aka bar wani yanki da gangan. Shi ne yau babban abin kallo na ƙauyen, tare da hasumiyar tsaro da shingen ƙarfe da gidan tarihi inda ake nuna motoci da kayan masu gadin iyaka. Ƴan makaranta na zuwa don su ga abin da iyayensu suka sha.

Har yanzu rafin ne iyakar jihohin biyu. Gefen Bavariya yana ƙarƙashin Töpen, na Turingiya yana ƙarƙashin Gefell. Lambar mota daban, lambar tarho daban. Amma mutum zai ƙetara sau goma a yini, ba mai tare shi.

Mu da ke cin abinci a hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ko Ƙwanni da Illela, mun san ɗanɗanon wannan labari. Turawan Faransa da Ingila ne suka shata tamu iyakar. Mun ga an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma sake rufe ta a 2023 har zuwa Maris 2024, kaya suka yi tsada, jari ya karye, biki da gaisuwar mutuwa suka gagara. Mu watanni muka ƙirga, mutanen Mödlareuth shekara 37 suka yi. Shi ya sa suka ƙi share katangar gaba ɗaya, don masu mulki na gobe su riƙa ganinta kafin su sa hannu a takardar rufe iyaka.