Zaɓen Manhajar Kwafin Faifan Kwamfuta

Kwafi iri biyu ne ga mai aiki da kwamfuta. Akwai na fayiloli, watau mutum ya ɗebi rubuce-rubucensa ya zuba a wani wuri. Akwai kuma kwafin faifai sukutum, wanda ya ke ɗauke dukan abin da ke cikin faifan, har da babbar manhajar da ke tayar da na'urar, ya dunƙule wuri ɗaya. Amfanin na biyun shi ne, in faifai ya mutu, sai a sa sabo a juye masa kwafin, na'ura ta tashi yadda aka bar ta. Malamin da ya tara binciken shekaru a na'ura ɗaya lalle ya bukaci wannan. Amma fa ba a auna manhajar da za ta yi aikin da saurin ɗauka, sai da iya mayarwa ranar da bukata ta taso.

Abu na farko da za a duba shi ne tsawon ranta. Yawancin manhajojin nan su kan rubuta kwafi da wani tsari nasu, wanda su kaɗai ke karanta shi, alhali kuwa su ma su kan shuɗe. Ghost ta fito daga ƙasar Niyu Zilan, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998, ta yi suna ƙwarai, amma a 2013 aka daina sayar da Norton Ghost. A 2017 Microsoft ya sanar da daina inganta abin ɗaukar kwafin faifai da ke cikin Windows. Haka nan Macrium Reflect ta kyauta, an daina yi mata gyara daga farkon 2024. Saboda haka waɗansu su kan fi son Clonezilla, wadda aka tsara a wata cibiyar bincike ta ƙasar Taiwan, domin tsarinta a buɗe ya ke ga kowa. Ita ma da nata sharaɗi: sai an tayar da na'ura daga filashinta kafin ta yi aiki, kuma ba ta juye kwafi a sashen faifan da bai kai na asali girma ba.

Na biyu shi ne inda aka samo ta. Manhajar da za ta karanta kowane lungu na faifai amana ce babba aka ba ta. Kada a karɓi wadda aka fasa aka raba a kasuwa. A ɗauko ta daga gidan masu ita, sa'an nan a gwada lambar shaidarta, irin su SHA-256, da wadda suka buga.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne gwaji. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu ba su sakin kwafi sai sun gwada shi da asali. Haka ya kamata a nan: a juye kwafin a wani faifai, a ga na'ura ta tashi, a buɗe fayiloli kaɗan a karanta.

Daga ƙarshe, a riƙe ƙa'idar nan da aka sani: kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, a kai 1 wani wuri dabam. A ajiye filashin tayar da manhajar tare da kwafin, gama akwati ba mabuɗi kaya ne kawai.