Shin Ko Kun San? Baƙin Tafki Sun Fara Haramar Tafiya

Shin ko kun san cewa tsuntsayen da Turawa ke zuwa bakin tafkuna da madatsun ruwa su jira da madubin hangen nesa a watannin Maris da Afrilu, da yawansu a wajenmu suka yi hunturu? Lokacin da sanyi ke janyewa a can, mu nan bazara ce ta kunno kai, kuma ita ce ke sallamar su.

Shin ko kun san dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, na cikin manyan masaukansu a Afirka ta Yamma? Agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu suna sauka dubbai su cuɗanya da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe. Tafkin Nguru ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya, a 2000. Yarima Philip na Ingila ma ya je Dagona, da ke cikin wannan dausayin, a 1989.

Ga wanda ya fi ba ni mamaki. Shin ko kun san ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 12 ba yana iya kusan ninka kansa kafin ya tashi? Kitse yake tarawa, shi ne guzurinsa, domin Sahara ce a gabansa, tafiyar da ta kusa kilomita 2,000, ba ci ba sha. Masanan da suka yi ta auna tsuntsaye a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, a shekarun 1960 sun ga abin da suke ƙiba da shi: ƙananan ƙwarin da ke tasowa daga ruwa, da 'ya'yan itacen asuwaki. E, asuwakin nan da muke goge haƙora da shi.

Shin ko kun san a madatsar ruwan Rutland ta Ingila har ƙirga kwanaki ake yi ana jiran shahon nan mai kamun kifi? An maido da irinsa wurin a 1996, ya fara ƙyanƙyasa a 2001. Hunturunsa kuwa, wajajen Sanagal da Gambiya yake yi.

Da can Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa ba, har wasu suka ce cikin laka suke kwanciya. A 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa kusa da Klütz a Jamus, da mashin Afirka a soke a wuyansa. Yana nan a ajiye a Jami'ar Rostock.

Tamu shamuwar kuma akasin haka take yi: ana ficewa, ita tana shigowa daga kudancin Afirka, damina na biye da ita.

Shin ko kun san madatsa na iya raba tsuntsu da masaukinsa? Tun da aka kammala Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika dausayin Haɗeja ta ragu, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta da manoman shinkafa sun riga tsuntsayen kokawa.

Mai son kallo ya yi sammako a Fabrairu ko farkon Maris, ya sa tufafi marasa ɗaukar ido, ya bar rana a bayansa. In ya bari har ƙarshen Afrilu, 'yan gida ne galibin waɗanda zai tarar.