Wasu Kalmomin Intanet da Ya Kamata Ɗalibin Harshe Ya Sani

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, tun bayan shigowar wayar salula ta GSM Najeriya a 2001, harkar sadarwa ta sauya kama. A shekarun 2000, mai son shiga intanet a Yola sai ya nemi shagon kafe a Jimeta, ya sayi lokaci, ya zauna gaban kwamfuta. Yau kuwa abin yana cikin aljihun kowa. Amma na lura da yawanmu muna amfani da wannan fasaha ba tare da mun san ma'anar kalmominta ba, alhali mu ne za a tambaya gobe yadda za a faɗe su da Hausa. Don haka na tsakuro kaɗan daga cikinsu domin mu yi nazari tare.

Intanet da yanar gizo

Mutane kan ɗauka abu ɗaya ne, amma akwai bambanci. Intanet ita ce haɗakar kwamfutocin duniya ta hanyar wayoyi, da turakun sadarwa, da tauraron ɗan'adam, da manyan igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Asalinta wani shiri ne na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna ARPANET, wanda ya fara aiki a 1969. Ita kuwa yanar gizo, wato abin da haruffan www ke wakilta, wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ne ya ƙirƙiro ta a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke Jeniba. A sauƙaƙe, intanet tamkar titin da ya haɗa Yola da Jimeta ne, yanar gizo kuma ɗaya ce daga cikin motocin da ke bin sa. Saƙon imel ma wata motar ce daban.

Gida, shafi da mahaɗi

Gidan yanar gizo tarin shafuka ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Shafin farko da baƙo ke sauka shi ne zauren gidan, daga nan ake shiga sauran ɗakuna. Abin da ke kai mutum daga wannan shafi zuwa wancan shi ne mahaɗi, wato kalma ko hoton da ake latsawa. Manhajar da ake buɗe shafukan da ita ana kiran ta burauza, kamar Chrome da Firefox. Kada a haɗa ta da injin bincike irin Google: burauza buɗe shafi take yi, injin bincike kuwa nemo maka shi yake yi. Shafukan kansu suna ajiye ne a wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda wasu marubutanmu ke kira uwar garke. Idan ka jawo abu daga gare ta, ka sauke ke nan. Idan kai ka tura mata, ka ɗora.

Adireshi

Kowane gida yana da adireshinsa, kuma daga dama ake warware shi. Mu ɗauki aun.edu.ng, adireshin Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola. Haruffan ng suna nufin Najeriya, edu na nufin makaranta, aun kuma sunan mai gidan. Hukumomin gwamnati suna ƙarewa da gov.ng, maƙwabtanmu na Kamaru kuma suna amfani da cm. Wata ƙungiya mai suna NiRA, da aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da ke ƙarewa da ng. Wannan ilimi yana da rana, domin macuta kan gina gidan bogi mai kama da na wata hukuma, su ce ana ɗaukar aiki ko ana ba da tallafi, su karɓe kuɗin jama'a. Duba ƙarshen adireshi kafin ka shigar da bayananka. Haka kuma https da ke farkon adireshi yana nufin saƙonka na tafiya a rufe ne kawai, ba shaida ba ce cewa mai gidan mutumin kirki ne.

Gina shafi

Abubuwa 3 ake haɗawa. Na farko HTML, wanda shi ne tubalin ginin: shi ke cewa nan kanu ne, nan sakin layi, nan hoto. Na biyu CSS, wanda ya fito a 1996, shi ne shafe da fenti: launi, da girman harafi, da jeren abubuwa. Na uku JavaScript, na 1995, shi ne wutar gidan, mai sa maɓalli ya yi aiki idan an latsa. Bayan gini sai mutum ya yi rajistar suna, ya kama hayar wuri a uwar garke. Dukkansu ana sabunta biyansu, in aka yi sakaci sai gidan ya ɓace.

Haruffa masu lanƙwasa

A nan ne maganar ta fi shafar mu. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohon tsarin ASCII gurabe 128 kawai gare shi, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ciki. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa, har da namu da ŋ ta Fulfulde. Don haka mai gina shafin Hausa ko Fulfulde sai ya zaɓi tsarin UTF-8, ya kuma zaɓi salon harafin da ke ɗauke da waɗannan baƙaƙe. In ba haka ba, 'yan akwatuna ko alamar tambaya za su fito a madadinsu. Yar da lanƙwasa kuwa ba mafita ba ce, domin baki daban yake da baƙi, kafa daban take da ƙafa, kare ma ba ƙare ba ne. A gari irin namu, inda Hausa da Fulfulde ke zaune tare, ko sunan Fulɓe ba ya rubutuwa daidai sai da ɓ.

Kammalawa

Mai karatu zai ga cewa kalmomin nan ta hanyoyi 2 suka shigo: aro, kamar intanet da burauza, da ƙirƙira, kamar yanar gizo da uwar garke. Wasu sun zauna daram, wasu har yanzu kowace kafa da yadda take faɗa. Shawarata ita ce kowane ɗalibi ya buɗe ɗan littafi, ya riƙa rubuta kalmar da ya ji a rediyo, ko a wajen masu gyaran waya a kasuwar Jimeta, tare da jimlar da aka yi amfani da ita. Daga irin wannan tarin ne ƙamus ke samuwa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.