ZARTON ZAYYANA DA DARASIN AIKIN HANNU

A cikin rangadin da na yi na duba makarantu a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, na sauka wata makaranta kusa da Sundimina, na tarar da malamin aji ɗaya yana koya wa yara karatu da waɗansu haruffa na roba da aka sayo a birni. Da na zube su bisa tebur sai na ga akwai P da Q da V da X, waɗanda Hausa ba ta bukata, amma babu Ɓ, babu Ɗ, babu Ƙ. Malamin ya yanka nasa da kwali, yara kuwa sun riga sun yayyage su. To, yaron da bai saba da Ƙ ba, ina zai rarrabe baki da baƙi ran da ya zama magatakarda? Maganin wannan abu yana kusa, ba shi kuwa da tsada, watau siririn zarton nan da na ke kira zarton zayyana.

Sassaƙa ba baƙuwar sana'a ba ce a ƙasarmu. Da gizago masassaƙa su ke fid da turmi daga ƙirya, da allo daga aduwa, da akushi, da kujerar mata. Amma gizago ba ya iya bin lanƙwasar harafi, ba ya kuwa fid da rami a tsakiyar dagi ba tare da ya tsaga icen ba. Nan ne aikin wannan zarto. Bakinsa siriri ne kamar tsinke, an ɗaure shi sama da ƙasa ya miƙe tsam. Akwai na hannu, akwai na takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, akwai kuma mai lantarki. Inda wuta ba ta samuwa kullum, na hannu ya isa.

Abin da zai daɗaɗa wa malamai shi ne, tun da daɗewa irin wannan yanka ya ke hidimar makaranta. Wajen shekarar 1766 wani mai zanen taswira a London, sunansa John Spilsbury, ya manna taswirar Turai bisa falanki, ya bi iyakar kowace ƙasa ya yanka, domin yara su wargaza su sake haɗawa. Me zai hana mu yi haka da Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991, da ƙananan hukumominta 27? Yaron da ya ɗauki Gwaram da hannunsa ya ajiye ta kudu maso gabas a bakin iyakar Bauchi, ya kai Maigatari arewa a bakin iyakar Nijar, ba ya mantawa. Gani ya kori ji.

Ga yadda a ke aikin. A nemi busasshen katako mai kaurin kwata na inci, watau kamar milimita 6. Ɗanye ya kan kantare, in hunturu ya zo kuma ya tsage. A zana abin da a ke so bisa takarda, a manna ta a jikin katakon. A ɗaura bakin zarto haƙoransa suna kallon ƙasa, gama da saukowa ya ke ci, shi ne kuma ke danne katakon bisa tebur. A ɗame shi har in an taɓa shi da yatsa ya yi ƙara kamar tsirkiyar garaya. Sa'an nan a riƙa tura katakon sannu sannu, in an zo lanƙwasa a juya katakon, kada a murɗa zarton. In za a fid da cikin harafi, kamar tumbin Ɗ, sai a fara huda ƙaramin rami, a kwance bakin zarto daga sama, a zura shi ta ramin, a sake ɗaurewa. Wanda ya ke son haruffa da yawa ya haɗa falle 3 da ƙananan ƙusoshi a gefe, ya yanka su gaba ɗaya. Ni kaina, sa'ad da na ke koyo a kwalejin horon malamai, bakin zarto nawa na karya cikin mako guda, duk don gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanka rabin aiki ne, sauran rabin gyara. A goge da samfefa mai kaushi, lamba 120, a bi da mai laushi, lamba 220, ana bin yadda jijiyar icen ta kwanta. A dakushe kowane kaifi da tsini. Mai gugar ya rufe hancinsa da ƙyalle, don ƙurar maɗaci tana sa tari da atishawa. Abin ado na ratayewa, kamar Dagin Arewa, ko firam na hoto, ko mariƙin makulli, a shafa masa man sheƙi na kafintoci kaɗan kaɗan sau 2 ko 3, ciki da baya duka, domin in fuska ɗaya kaɗai ta sha mai sai ya tanƙware. A bar shi ya bushe a inuwa, inda ƙura ba ta kai. Amma abin da yaro zai sa a baki, da cokali, da allon da a ke wankewa a sha, kada fenti ko man sheƙi ya kusance su. Haruffan yara kakin zuma da aka narka da man kaɗe ya ishe su. Man gyaɗa kuwa ya kan yi wari in ya daɗe. A kuma lura da tsumman da aka shafa man katako da shi. Waɗansu mayukan su kan ɗau zafi in suna bushewa, har tsumma ya kama wuta in an dunƙule shi. A shanya shi a fili.

Akwai wata fa'ida kuma. Manyan itatuwanmu suna ƙarewa. Maɗobiya ta sha sara don kai wa ƙasar Sin, har daga 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu. Wannan sana'a ba ta bukatar a ka da icce ko ɗaya. Guntayen da kafinta ke zubarwa, da tsohon akwati, da ƙofar da ta karye, su ne kayan aikinta.

A zamanin makarantun En'e, kafin a mai da su hannun ƙananan hukumomi bayan gyaran 1976, aikin hannu darasi ne mai lokacinsa, yara suna tufka igiya, suna saƙa tabarma. Yanzu a wurare da yawa sai a ce yaro ya kawo tsintsiya, uwarsa ta saya masa a kasuwa, a ba shi maki. Wannan yaudarar kai ce, mu kuwa malamai mu ke da alhakinta.

Sabo da haka ina roƙon kowane shugaban makaranta ya nemi zarto guda, ya gayyaci kafinta ko masassaƙin garinsu ya zauna da manyan yara sa'a ɗaya a mako, su yanka wa ƙannensu haruffa. Ma'aikatan ofis kuma, in takardar neman kuɗin waɗannan 'yan kaya ta iso gabanku, kada ku bar ta ta kwana cikin fayil. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.