Masu Kwaikwayon Gwamna

A shekarar 1925, a ƙasar Kurfai ta wajen Filinge, wasu baƙin iskoki suka fara hawa kan wata mata mai suna Shibo, sannan suka bi kan samarin ƙauyuka. Masu gogen bori ba su san su ba. Tafiyar soja suke yi, suna ƙamewa, suna sara wa juna, suna ba da oda da guntun Faransanci. Wannan gwamna ne, wancan kyaftin, wancan kofur. Aka sa musu suna Hauka. Da abin ya gangaro Arewa, ƙasar Dogon Dutsi da ke cikin jihar Dosso a yau, sai aka kira su Babule.

Lokaci ne na haraji da aikin tilas, kuma mabiyan nan sun fara juya wa sarakunan da Bature ya naɗa baya. Kwamandan Yamai, wani Bafaranshe ɗan tsibirin Kosika mai suna Crocicchia, ya ga abin da idonsa. Ya sa aka kamo su aka kulle, aka matsa musu sai sun ce babu wani Hauka. Ba a daɗe da sakinsu ba sai ga sabon iska ya bayyana, mai zafin rai da zagi, ana kiransa Kwamanda Mugu. Shi ne Crocicchian. Bayan tarzomar 1927 aka kori shugabanninsu daga ƙasar.

Korar ba ta kashe abin ba, ta dai ba shi ƙafa. 'Yan ci-rani suka tafi da shi kudu, wasu ta tsohuwar hanyar fataken goro da ke ƙetare kogin Kwara a wajen Gaya ta ratsa Dahome, har Kumasi da Akra a ƙasar Gwalkwas. A can ne mai ɗaukar fim Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniyan hanya, ya same su a 1954. Su da kansu suka gayyace shi taronsu na shekara a wata gonar koko a bayan Akra. Kyamararsa ta wani ce da hannu, ba ta kai rabin minti take tsayawa. Damure Zika da Lam Ibrahim Dia suka riƙe na'urar ɗaukar murya.

Abin da ya ɗauko ba ya kalluwa da sauƙi. Ga mutane baki na kumfa, ido ya juye, riƙe da bindigogin katako. Ga janar, ga direban jirgin ƙasa yana kai da kawo, ga matar likita, namiji ne ya sa rigar mata. Suka zauna taron shawara irin na Turawa, kowa na gardama a kan muƙaminsa. Aka fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, farin ya zubo, Rouch kuwa ya haɗa wannan da hoton gwamnan Ingila na gaske a faretin soja, farin gashin tsuntsu na lilo a kan hularsa. Aka yanka kare aka ci, don a nuna sun fi ƙarfin haramcin kowa. Washegari sai ga su cikin gari, lebura da ɗan kasuwa da ƙaramin soja, suna murmushi, wasu na haƙa ramin bututun ruwa.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin, Les Maîtres fous, a gidan tarihin ɗan Adam na Paris, ɗakin ya kacame. Malamin Rouch ɗin kansa, Marcel Griaule, ya ce a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka ce an tozarta baƙar fata. Hukumar Ingila a Gwalkwas ta hana nuna shi, domin ita ta fahimci wa ake yi wa dariya. A 1957 kuma fim ɗin nan dai ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venis. Daga nan masu wasan dandamali suka yi masa ca. Jean Genet ya samo hasken wasansa Les Nègres daga gare shi, inda baƙaƙen 'yan wasa ke sa fuskar Turawa, aka nuna shi a Paris a 1959. Peter Brook ya sa 'yan wasansa a Ingila su kalle shi sa'ad da suke shirin Marat/Sade a 1964. Cikin shekara goma, abin da aka ce ƙazanta ne ya zama darasin manyan gidajen wasa.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda kowa ya ɗauki nasa ya bar mutanen. Bahaushe ya san kwaikwayo tun kafin Bature: ɗankama yana kwaikwayon malami, 'yan wasan kara a Damagaram suna kwaikwayon masu mulki, kowa ya san wasa ne. 'Yan Hauka kuwa ba su taɓa cewa wasa suke yi ba. A wurinsu iska ne ya hau doki, kuma magani ake nema. Amma idon da ya lura da yadda Bature ke tsayawa, da yadda yake daka wa na ƙasa tsawa, da son girmansa, idon leburan ne da ya sha rana a ƙarƙashinsa. Wannan gwaninta tasu ce, sunan da ya shiga littattafai kuwa na Rouch ne da Genet da Brook. A 1965 mai shirya fim Usman Sembene na Senegal ya faɗa wa Rouch ido da ido cewa yana kallon mutanen Afirka kamar mai nazarin ƙwari. Sembene ya yi tsauri, domin Rouch ya rayu da 'yan Nijar har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai. Duk da haka, a cikin fim ɗin muryar Rouch ce ke bayani daga farko har ƙarshe, ba a miƙa wa ko ɗaya daga cikin mutanen gonar kokon nan magana ya faɗi abin da yake nufi ba.